Hulunan Kwano Talatin da Ɗaya na Shagon Ɗanburam

Daga:
Abednego Ephraim,
Gida mai lamba 14, Layin Rijiya,
Jambutu, Jimeta.

Litinin, 6 ga Afrilu, 2009.

Zuwa ga:
Mai Girma Sakatare,
Kwamitin Sauraren Koken Masu Sayen Kaya,
Jimeta, Jihar Adamawa.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN HULUNAN KWANO NA JABU DA AKA SAYAR MANA DA TSADA A SHAGON ALHAJI MIKA'ILU ƊANBURAM, DA RAUNIN DA MALAM BOBBOYI HAMMADU YA SAMU, DA KUMA HANNUN DA NI KAINA NAKE DA SHI A CIKIN LAMARIN

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya kai da ma'aikatan ofishinka, ina neman izini in gabatar da ƙorafina.

Ni malamin kimiyya ne a sakandaren al'umma da ke gundumar Namtari, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a can, kuma ni ne sakataren ƙungiyar taimakon kai da kai ta ma'aikatan makarantar. Na rubuta da Hausa ne ba da Turanci ba, domin a iya karanta takardar a gaban wanda nake ƙara da kuma wanda aka cuta, kowa ya ji da kunnensa ba tare da tafinta ba. Ina roƙon a yi haƙuri da tsawonta. Sau uku ina rubuta gajeriya ina yagawa, saboda duk lokacin da na taƙaita sai in ga abin da na cire shi ne laifina.

Ga bayanin dalla-dalla:

1. Kamar yadda mai girma ya sani, tun farkon watan Janairu na bana aka tsananta dokar sanya hular kwano ga masu hawa babur. Yawancin ma'aikatanmu a Jimeta da cikin garin Yola suke zaune, kuma da babur suke zuwa aiki kullum. A makon farko kaɗai an tare malamanmu huɗu a hanya. Saboda haka ƙungiya ta yanke shawarar a sayo huluna gaba ɗaya don a samu sauƙi, aka ɗora mini alhakin in shiga kasuwa in bincika in kawo rahoto. An zaɓe ni ne don ana ganin malamin kimiyya ba za a yi masa wayo a kan irin wannan kaya ba.

2. Ranar Asabar, 10 ga Janairu, na je layin masu sayar da kayan babur a Jimeta, na shiga shagon Alhaji Mika'ilu, wanda aka fi sani da Ɗanburam. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini lemo. Ya nuna mini huluna iri uku, amma ya fi tsayawa a kan wata baƙa mai sheƙi da jan zane a gefe, da gilashin rufe fuska, da sitika mai ruwan zinariya a ƙeya ɗauke da rubutun Turanci cewa an gwada ta a ƙasar waje. Ya ce kuɗinta naira dubu shida da ɗari biyar. Ya tabbatar mini da bakinsa cewa irinta masu tseren babur suke sawa a Turai, kuma ko tirela ta bi ta kanta ba za ta fashe ba. Sauran masu araha kuwa ya ce kwanon awo ne kawai, na 'yan acaba masu gudun kamu.

Ranka ya daɗe, ban ɗaga rufin cikin hular na duba ba. Ban ja maɗaurin haɓar na ji ƙarfinsa ba. Na ƙwanƙwasa ta da yatsa, na ji ta yi ƙara, na sa ta a kaina na dubi madubin da ke jikin bango, na ga ta yi mini kyau. Iyakar binciken da na yi ke nan.

Da na tashi tafiya, Alhaji ya sa hular da na gwada a leda ya miƙo mini, ya ce tawa kyauta ce in dai na kawo masa cinikin makaranta. Na karɓa. Ban faɗa wa ƙungiya ba, kuma ban rubuta a rahotona ba. Ina so a rubuta wannan a fayil kamar yadda na faɗe shi.

3. Ranar Laraba, 14 ga Janairu, aka yi taron ƙungiya a ɗakin malamai bayan an tashi yara. Wasu sun ce kuɗin ya yi yawa, a nemi mai sauƙi. Sai na miƙe na ɗauki alli, na zana kan mutum a allo, na zana kwalta, na yi musu lissafin ƙarfin buguwa kamar ina gaban 'yan aji shida. Na kammala da cewa tsadar hula ita ce shaidar ingancinta, kuma duk wanda ya sayi mai araha ya nuna mana farashin da ya yi wa kansa ne.

A wurin akwai Malam Bobboyi Hammadu, masinjan makarantarmu, mutumin unguwar Mbamoi, ɗan shekara hamsin da takwas, wanda dukanmu muke kira Bappa. Tun kafin a ɗauke ni aiki yake makarantar. Shi ne ya nemo mini ɗakin haya a shekarar da na zo daga Numan ban san kowa ba, kuma matarsa ce ta yi wa mai ɗakina wankan jego a haihuwarmu ta fari, duk da cewa addininmu ba ɗaya ba ne. Bappa yana da tasa hular tun watan Disamba, wata fara mai nauyi, ba gilashi, ba zane, wadda ya saya naira dubu ɗaya da ɗari takwas. Ya ɗaga hannu a hankali ya ce shi a cire sunansa, tasa ta ishe shi.

Abin da na yi shi ne na taka har inda yake zaune, na ɗauki hular daga cinyarsa, na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, na ce wa jama'a su dubi tukunyar da Dada Raudatu take nema tun safe za ta ɗora miya. Dada Raudatu ita ce matarsa. Ɗakin ya fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, irin murmushin dattijon da ɗan cikinsa ya kunyata shi a cikin mutane, ya ce to, a sa sunansa, tunda Malam ya fi shi sani. Da aka watse bai ɗauki farar hular ba. Ya bar ta a kan kabad, daga baya malamai suka riƙa zuba guntayen alli a ciki.

4. Ranar Litinin, 19 ga Janairu, Alhaji Ɗanburam ya kawo huluna talatin da ɗaya, har da guda da na saya wa mai ɗakina, Keturah. Ya ba da rasit mai ɗauke da hatimin shagonsa, inda ya rubuta da hannunsa cewa kayan na asali ne. Kwafin rasit ɗin yana haɗe da wannan takarda.

5. Ranar Talata, 24 ga Fabrairu, da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, aka aiki Bappa Bobboyi ya kai takardun jarrabawa cikin garin Yola. Bai yi nisa da makaranta ba ya tarar da yashi da wata tifa ta zubar a kan kwalta, a daidai wata kwana. Babur ya zame da shi. Duk wanda ya san Bappa ya san ba ya gudu. Yara ma tsokanarsa suke yi wai mai keke yana wuce shi. Wata mai sayar da kindirmo da abin ya faru a gabanta ta shaida mana cewa faɗuwa ce irin wadda mutum kan tashi ya kakkaɓe riga ya ci gaba da tafiya. Babur ɗin ma madubi ɗaya kawai ya rasa.

Amma kansa ya bugi gefen kwalta ta ɓangaren hagu, hular kuwa ta dare gida biyu tun daga kunne har tsakar ka. Maɗaurin haɓar ya tsinke daga inda aka liƙa shi, domin ashe ba ƙusa aka sa ba, gam ne. Bakin robar da ta fashe ya yanke shi a bayan kunne, sai da aka yi masa ɗinki tara. Ni ne na je wurin da shugaban makaranta, kuma ni na tsince ɓarin hular biyu daga cikin yashi. Da na ɗauka sai na ji ba ta fi faranti nauyi ba. Wata guda da rabi ina sa irinta a kaina kullum, amma sai a ranar hannuna ya gaya mini haka.

Likita ya ce ƙashin kansa ya tsage. Ya yi kwana biyu bai san wanda ke kansa ba, ya yi kwana goma sha shida a asibiti. A yau kunnensa na hagu ba ya ji, kuma in ya sunkuya jiri yana ɗaukarsa. An hana shi hawa babur. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ga damina ta kusa, gonarsa ta Mbamoi kuwa da hannunsa yake noma ta. Domin adalci, na tambayi likitan ko da wata hular ce da hakan bai faru ba. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma hular kirki aikinta ke nan a irin wannan faɗuwa, kuma bai taɓa ganin ta gaske ta dare haka ba.

6. A rana ta huɗu, da ya fara gane mutane, na je duba shi. Ina neman afuwar mai girma in kawo maganarsa yadda ya faɗe ta, da irin Hausarsa, domin na kasa mayar da ita maganar ofis. Ya kama hannuna ya ce: "Malam Abed, ka yi haƙuri. Hula mai tsada da ka kawo mana, ni na fasa shi. Ban iya riƙe abu mai kyau ba." Sannan ya juya ya ce wa matarsa, ai Allah ne ya sa Malam ya matsa masa ya saya, da tsohuwar tukunyarsa ce a kansa da yanzu ana zaman makoki.

Dada Raudatu ta durƙusa ta yi mini godiya. Ni kuma na amsa godiyar. Na ce babu komai, Allah ya ƙara sauƙi.

7. Maganar nan ta hana ni sukuni. Ranar Asabar, 7 ga Maris, na ɗauko farar hular Bappa daga kan kabad na zubar da allin, na tsaya a bakin hanya na sayi wata ta naira ɗari takwas irin wadda ake shanyawa a ƙasa, na haɗa da tawa da aka ba ni kyauta. Na rufe kaina a ɗakin gwaje-gwajen makaranta, na sa zarto na raba kowacce biyu. Ga abin da na gani:

Hular Bappa mai araha ta ba ni wuya, sai da na canza bakin zarto. Ɓawonta yana da kauri. A ƙarƙashinsa akwai farin abu mai tauri, irin wanda ake tokare sabon rediyo da shi a cikin kwali amma ya fi shi ƙarfi, kaurinsa ya kai yatsu biyu, ya zagaye kan gaba ɗaya. Wannan shi ne abin da ke shanye bugu kafin ya isa ƙwaƙwalwa; na san haka, yana cikin abin da nake koyarwa. Maɗaurinta kuma da ƙusoshin ƙarfe aka kafe shi.

Tawa mai tsada kuwa zarto ya ratsa ta kamar kabewa. Ɓawon roba ce siririya irin ta bokiti. A ciki babu farin abin nan ko kaɗan, sai soson katifa da bai kai kaurin yatsa ba, da kwali a ƙarƙashinsa, an lulluɓe da jan yadi mai laushi don kada a gani.

Ta ɗari takwas ɗin ita ce ta sa na zauna a ƙasa. Cikinta da na mai tsada iri ɗaya ne sak: soso ɗaya, kwali ɗaya, gam ɗaya. A cikin ɓawon kowacce, ta wajen ƙeya, akwai lamba ɗaya da aka zubo tare da robar. Da na kankare baƙin fentin tawa da reza sai shuɗiyar roba ta fito, launin ta bakin hanya. Wato hular ɗari takwas ce aka fesa wa fenti, aka ɗaura mata gilashi, aka manna mata sitika, aka sayar mana dubu shida da ɗari biyar.

Ba ina cewa duk hula mai araha tana da kyau ba, ranka ya daɗe, ga ta ɗari takwas nan shaida. Ba kuma ina cewa duk mai tsada jabu ce ba. Abin da zarto ya nuna mini shi ne farashi ba ya gaya wa mutum abin da ke cikin hula, sai ya ɗaga yadin ya duba, ya ja maɗaurin ya ji. Minti biyu ya ishe ni in yi haka ranar 10 ga Janairu.

8. Ranar Laraba, 11 ga Maris, na koma shagon Alhaji Ɗanburam da gutsattsarin a cikin buhu, na zazzage su a kan teburinsa. Na nemi ya karɓi kayansa, ya kuma daina sayar da sauran. Da farko ya ce shi ma haka aka kawo masa daga kudu. Da na nuna masa gwangwanayen baƙin fenti da ke jere a bayan kantar shagon, sai ya sauya magana ya ce haɗari ƙaddara ce, hula ba ta hana abin da aka rubuta. Daga nan ya rage murya, ya ce: "Malam, taka nawa ka biya? In ka kai maganar nan gaba, da ni da kai za mu tsaya. Ni ɗan kasuwa ne, gobe zan buɗe shago. Kai fa, da wane ido za ka shiga aji?"

Na kwashe gutsattsarin na mayar cikin buhu, na fita.

9. Wannan sakin layi shi ya fi yi mini nauyi, amma ba zan tsallake shi ba. Daga ranar 7 zuwa ranar 30 ga Maris, kwana ashirin da uku, na san abin da ke kan abokan aikina kuma na yi shiru. Ban tsaya a shirun ba. Na shiga kasuwa a ɓoye na sayi farare biyu irin ta Bappa, ɗaya tawa ɗaya ta Keturah, bayan na ɗaga yadin kowacce na duba. Kullum da safe sai in fito daga Jambutu da farar a kaina, baƙar Keturah kuma tana cikin jaka a bayan babur. In na kusa makaranta sai in tsaya a rumfar wani mai faci, in cire farar in ba shi ajiya, in sa baƙar in shiga da ita, don kada kowa ya tambaye ni dalilin canji. In an tashi in sake tsayawa in musanya. A wannan rumfa ina tsaye abokan aikina suke wucewa suna ɗaga mini hannu, kowa da baƙar hularsa tana sheƙi a rana, wasu da 'ya'yansu a baya.

Ranar Lahadi, 29 ga Maris, muna dawowa daga coci, Keturah ta buɗe jakar tana neman makulli ta ga baƙar hular. Ta tambaye ni me take yi a nan, alhali na ce mata na ba da ita. Ban iya ƙara mata wata ƙaryar ba, na faɗa mata komai tun daga kyautar. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce: "Baban Virtue, kenan kan mutanen gidanka kaɗai ne kai? In gobe ba ka faɗa musu ba, ni zan hau acaba in je Namtari in faɗa." Ba ta ɗaga murya ba, kuma ranar ba ta ci abinci tare da ni ba.

Washegari, Litinin 30 ga Maris, na roƙi shugaban makaranta ya tara ma'aikata. A ɗakin da na yi wancan jawabi, a gaban allon nan, na jera hulunan uku da aka yanka, na faɗi abin da na rubuta a sama ban rage komai ba. Na ajiye muƙamin sakatare. Babu wanda ya zage ni, da ma an zage ni da ya fi mini sauƙi. Malama Liyatu, mai koyar da lissafi, wadda take zuwa daga Bako kullum da cikin wata shida a bayan babur ɗin mijinta, ita kaɗai ta yi magana. Ta ce, "Sati uku, Malam?" Ta tura mini hularta a kan tebur ta fita.

10. Halin da ake ciki yanzu shi ne: daga cikin huluna talatin da ɗaya, ta Bappa ta fashe, ta Keturah tana hannuna, na kuma karɓo ashirin da uku na kulle a ɗakin gwaje-gwaje. Saura shida a waje. Huɗu masu su sun riga sun ba 'yan'uwansu a Ganye, Mayo Belwa da Demsa, ana ƙoƙarin aika musu saƙo. Mutum biyu kuwa sun ƙi bayarwa. Sun ce ni ne na rantse musu da lissafi cewa tana da kyau, yanzu kuma ni ne nake cewa ba ta da kyau, to wace maganar tawa za su ɗauka? Shi ya sa nake buƙatar bakin hukuma.

Bugu da ƙari, ranar Asabar da ta wuce, 4 ga Afrilu, na bi ta gaban shagon na ƙirga irin waɗannan huluna goma sha tara a rataye, ana ciniki. Ranar Juma'a mai zuwa ake fara hutun Ista. Mai girma ya san yadda mutanenmu suke ɗaukar hanyar Numan da ta Ganye a kan babur a wannan mako, miji da mata da kaya, kuma da yawa za su sayi hula ne musamman don tafiyar. Mai ɗan hali a cikinsu zai ce bari ya daure ya sayi mai tsada saboda iyalinsa.

Bisa ga abin da ya gabata, cikin ladabi nake roƙon wannan kwamiti mai daraja:

(a) Ya tura jami'ansa shagon Alhaji Mika'ilu Ɗanburam kafin ranar Alhamis, 9 ga wata, su kwashe sauran hulunan, su kuma duba bayan kantar shagon.

(b) Ya sa ƙwararru su gwada samfuran da zan kawo, kada a dogara da zartona, domin na riga na nuna cewa ba a dogara da hukuncina.

(c) Ya ba da sanarwa a rediyo da Hausa da Fulatanci, a kwatanta hular, a kuma koya wa jama'a su ɗaga yadin ciki su nemi farin abin nan mai tauri, su ja maɗauri, ko nawa ne kuɗin hular.

(d) Ya tilasta wa mai shagon ya mayar wa ma'aikatanmu haƙƙinsu, ya kuma ɗauki nauyin jinyar Malam Bobboyi Hammadu da asarar da ta biyo baya. Ni ban nemi komai wa kaina ba, har da kuɗin hular mai ɗakina.

(e) Ya kira ni a rana ɗaya da Alhaji Ɗanburam, a tsayar da mu tare kamar yadda ya ce. Duk hukuncin da ya dace da wanda aka ba amanar jama'a ya karɓi kyauta ya ɓoye, sannan ya gano haɗari ya yi shiru, na amince da shi. Na aika kwafin wannan takarda ga shugaban makarantarmu don ya ɗauki nasa matakin.

A ƙarshe, ranka ya daɗe, akwai bayanin da ya wajaba in yi game da ƙasan wannan takarda. Ƙa'idar ofishinku ta ce wanda aka cuta ya sa hannu a matsayin shaida. Jiya Lahadi da la'asar na je Mbamoi da takardar da tawadar dangwale. Na tarar da Bappa a kan tabarma a gindin mangwaro, ya jingina da bango. Na zauna ta damansa, wajen kunnen da ke ji, na karanta masa tun daga adireshi har zuwa roƙo na ƙarshe. Dada Raudatu tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Da na kai sakin layi na tara sai ta ɗauki farantinta ta shige ciki, ba ta sake fitowa ba har na tafi.

Bappa ya saurara har na gama. Ya tambaye ni ko gaske ne tsohuwar hularsa ta fi, na ce gaske ne. Ya yi 'yar dariya, ya riƙe kansa saboda dariyar tana sa masa ciwo. Sai ya ce in soke maganar kyauta da ta rumfar mai faci da roƙon ƙarshe, in bar laifin mai shago kawai, shi kuma zai dangwala. Na ce ba zan iya ba. Ya ce: "Kana da yara uku. In sun kore ka, kunnena zai dawo ne? Ni ba na sa hannu a takarda da zai cuce ka." Na roƙe shi har aka kira sallar magariba, ya ture tawadar gefe, ya ce in miƙo masa buta.

Saboda haka gurbin shaida yana nan babu komai. Ina roƙon kada a ɗauki hakan a matsayin raunin ƙorafin, kada kuma a matsa masa. Ni ban soke ko kalma ɗaya ba.

Ina jiran kiranku a kowace rana da kowane lokaci. Allah ya taya mai girma riƙo, ya ba shi ikon yin adalci a kan kowa da ke cikin wannan takarda.

Ni ne naka cikin ladabi da biyayya,

Abednego Ephraim
Malamin Kimiyya, tsohon Sakataren Ƙungiyar Ma'aikata

Shaida (wanda aka cuta): ______________________